Wa Zai Tsaya wa Mai Ruwa Bayan Kawu?

Na Allah muke, kuma wurinsa ake kiranmu ɗaya bayan ɗaya. Wannan karon kiran ya faɗo kan Kawu, yayan mahaifiyata, wanda ya riƙe ni tun ina ƙarami a gidansa da ke unguwar Dutsen Kura a Minna. Ya rasu da hantsi bayan 'yar gajeriyar jinya, aka yi masa sutura bayan azahar.

Na sha zaman makoki a garin nan, amma ban taɓa ganin irin na Kawu ba. Tabarmi biyu aka shimfiɗa a ƙofar gida, ba tare da wani ya tsara hakan ba. Ta farko ta dangi ce da mutanen unguwa da abokan kasuwancinsa. Ta biyu kuwa, can gindin darbejiya, mutane ne da babu wanda ya san su a cikinmu: 'yan acaba, makanikai daga unguwar Sauka Kahuta, wani mai gyaran waya, wata tsohuwa da ta zo daga ƙauye riƙe da hannun ɗanta. Su suka fi kowa kuka. Mutanen tabarma ta farko suna ta satar kallonsu, suna jawo takalmansu kusa da ƙafa. Na ji wani dattijo yana raɗa wa na kusa da shi cewa yau duk ɓarayin Minna sun hallara, kowa ya kula da aljihunsa. Wanda aka raɗa wa ɗin ya ce a ji tsoron Allah, a gidan mutuwa ake. Amma shi ma na ga ya dafe nasa.

Masu gaisuwa ma harshensu ya riƙa sarƙewa. An saba a ce mamaci mutumin kirki ne, ba shi da abokin faɗa, a shafa a tashi. To Kawu yana da abokan faɗa, kuma da yawansu suna zaune a wurin. Sai ka ji mutum ya fara da "Allah ya jiƙansa, mutum ne mai…" ya tsaya yana laluben kalma, can ya ƙarasa da "mai nasa ra'ayi." Da Liman ya yi addu'a ya roƙi Allah ya yafe masa kurakuransa, ya kuma maimaita wurin har sai da na ɗaga kai na dube shi.

Beli ne ya raba tabarmin nan. Kawu mai sayar da kayan gini ne, jikan mutanen da aikin jirgin ƙasa ya kawo Minna suka zauna. Amma abin da gari ya san shi da shi daban ne. Duk wanda 'yan sanda suka kama ba shi da kowa, Kawu zai je ya tsaya masa, ya sa hannu cewa zai kawo shi kotu duk ranar da aka neme shi. Ba ya tambayar ƙabila, ba ya karɓar ko sisi. Mutanen gindin darbejiya su ne waɗanda ya tsaya wa a tsawon shekaru. Wasu kotu ta wanke su, wasu ta ɗaure su sun gama sun fito, kuma dukansu sun zo.

Akwai mutum ɗaya da bai zauna a kowace tabarma ba. Mai ruwan unguwarmu ne, mai tura kura da jarkoki, ya tsuguna shi kaɗai a jikin katanga. Rashin tsaro ne ya koro shi daga wajen Kagara da matarsa da 'ya'yansa, ya kama ɗaki a bayan layinmu. Shi ne na ƙarshe da Kawu ya tsaya wa, kuma shari'arsa ba ta ƙare ba. Ana zarginsa da sace batirin sola na masallacinmu.

Ranar sadakar uku wata lauya ta zo gaisuwa, cikin masu kare marasa galihu kyauta. Da ta fito daga wurin mata ta ja ni gefe, ta ce tana jin nauyin maganar a irin wannan rana, amma zaman kotu mako mai zuwa ne. Wanda ya tsaya ya rasu, saboda haka alƙali zai nemi wani. In ba a samu ba mai ruwa zai koma gidan yari ya jira shari'a, kuma ita ba za ta iya ce mini ga ranar da za a gama ba. Sharaɗin shi ne mai gida a cikin gari ko ma'aikacin gwamnati. Ni malamin makarantar gwamnati ne. Ba ta ce in tsaya ba, ta dai dube ni, ni kuma na dubi ƙasa na ce zan yi shawara.

A kwanakin da suka biyo baya na yi ta tuna Kawu, ina ganin in na gane shi zan san abin yi. Na rantse ban taɓa sanin cewa mutumin da ya raine ka zai iya yi maka wuyar ganewa haka ba.

Kawu ba ɗan boko ba ne. Karatunsa bai wuce firamare ba, kuma ban taɓa jin ya ambaci lambar wani sashe na doka ba. A rediyo ya ji cewa tsarin mulkin ƙasa ya ce mutum ba mai laifi ba ne har sai kotu ta tabbatar, shi ke nan ya riƙe abin kamar hadda. A gidanmu ba a cewa ɓarawo. "Wanda ake zargi" ake cewa, ko da an kama mutum da kaza a hammata. Wata rana akuyar maƙwabta ta shigo ta cinye geron da Inna, matar Kawu, ta shanya. Inna tana ta sababi, Kawu ya ɗago daga alwala ya tambaye ta ko tana nufin akuyar da ake zargi. Inna ta ce da idonta ta gan ta. Ya ce to ita shaida ce, ba alƙali ba. Ranar tuwonsa ya zo a makare, kuma bai tambayi dalili ba.

Yana da wata babbar riga fara da ke rataye a ƙusa bayan ƙofar ɗakinsa, mu muke kiranta rigar caji ofis. Da an yi sallama an ce an kama wane, zai sa ta, ya ɗauki butarsa da carbinsa ya fita. A can ba ya faɗa, ba ya ɗaga murya. Zai gaida kowa tun daga mai tsaron ƙofa, ya nemi benci ya zauna. Zaman nan shi ne duk dabararsa. Lokaci-lokaci ya tashi ya tambaya cikin ladabi ko an faɗa wa mutumin laifin da ake tuhumarsa da shi, kuma da yaren da yake ji. Ya koma ya zauna. An jima ya sake tashi ya ce kwana biyu ke nan, ranka ya daɗe, ba a kai shi gaban alƙali ba. In lokacin salla ya yi ya shimfiɗa darduma a wurin. Ban sani ba ko kunyar furfurarsa ake ji ko gajiya ake yi da ganinsa, amma sau da yawa yakan dawo da mutum a bayansa.

Kafin ya sa hannu kuma sai ya je ya ga inda mutum yake kwana, ya gaisa da uwarsa ko matarsa. Ranar zaman kotu shi da kansa zai je da sassafe ya ɗauko shi, ya saya masa koko da ƙosai, su hau keke napep ɗaya. Ya ce mai jin yunwa ba ya iya ba alƙali amsa, kuma wanda ya sha kokonka yana jin nauyin ya gudu ya bar ka.

Amma fa an gudu an bar shi. Wani da ya tsaya wa kan maganar babur ya sha kokon ya kuma ɓace, har yau ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Kotu ta riƙe Kawu da alkawarinsa, sai da ya sayar da filin da ya ajiye don babban ɗansa, wanda muke kira Yaya, ya yi gini. Inna ta haɗa kayanta ta tafi gidansu a Bida. Kawu ya bi ta biko, ta ce ba za ta dawo ba sai ya yi alkawarin ya daina. Ya ce ba zai yi mata alkawarin da ya san zai karya ba. Ta dawo duk da haka, don kanta, bayan wasu makonni. Yaya kuwa har yanzu a gidan haya yake, kuma tun daga lokacin gaisuwarsa da mahaifinsa ba ta wuce ina kwana ba.

Wannan ne wurin da kaina yake ɗaurewa. Ina son in rubuta cewa Kawu adali ne, in sa aya. Amma in na tuna Yaya sai alƙalamin ya tsaya. Haƙƙin baƙo da haƙƙin ɗan cikinka, wanne ya fi nauyi? Na tambayi mahaifiyata abin da ya sa yayanta ya ɗora wa kansa wannan aiki. Ta ce saboda ƙaninsu ne, wanda aka yi kame a tasha aka haɗa da shi, ya yi shekaru a tsare ba a taɓa kiran sunansa a kotu ba, ya fito ba ya gane kowa. Na ce to na samu amsa. Da na faɗa wa Inna sai ta ce ai tun kafin wannan ya fara, taurin kai ne kawai, mutum ne da in kowa ya yi gabas sai ya yi yamma. Wani tsohon amininsa kuma ya yi dariya ya ce duk mu bar wahalar da kanmu, Kawu son kotu yake yi yadda wasu ke son kallon ƙwallo. Mutum uku da suka fi kowa saninsa, kowa da nasa Kawun, kuma babu wanda zan ce ya yi ƙarya.

Maganar batiri ita ta raba shi da unguwa. Shi ne ya yi tsaye aka haɗa wa masallaci sola, don a samu fanka da lasifika in an ɗauke wuta. Wata asuba aka tarar an ɓalle akwatin an ɗauke batirin. Wani ya ce ya ga kurar mai ruwa a ƙofar masallaci kafin kiran salla. Wani ya ce ai ya ga ya yi sabon takalmi. Baƙo ne kuma, ba shi da mai cewa a dakata. Kafin hantsi samari sun tare shi a bakin famfo. Ina makaranta lokacin, amma duk wanda ya ba ni labarin iri ɗaya ya faɗa: an fasa masa kai, an kawo taya, wani ya tafi neman fetur. Sai ga Kawu da sandarsa, ko hula babu. Ya ratsa su ya zauna a ƙasa a kan ƙafafun mutumin.

"Wanda zai kunna ya kunna da ni," in ji shi.

Babu wanda ya kunna. Da hannunsa ya miƙa mai ruwa ga 'yan sanda, kuma a nan mutane suka ce madalla, dattijo ya hana a ɗauki alhaki. Da aka ji kuma ya sa rigar caji ofis ya je ya tsaya masa, sai magana ta juya. Aka riƙa cewa ɗakin Allah aka yi wa sata, ya je ya fito da ɓarawon. Aka cire shi daga kwamitin masallaci. Waɗanda suka saba tsayawa a shagonsa su yi hira suka koma ɗaga hannu daga nesa. Batirin dai ba a gan shi ba, ko a ɗakin mai ruwa ko a wani wuri. Kawu bai fasa zuwa salla ba, bai kuma taɓa kawo mana ƙarar kowa ba. Amma na ga yadda ya rame a watannin nan, kuma abin ya yi mini ciwo.

Da ya kwanta jinya, wata la'asar muna mu biyu a ɗaki, na yi masa tambayar da ta daɗe tana cina.

"Kawu, tsakaninka da Allah, ka yarda bai ɗauka ba?"

Ya buɗe ido ya dube ni. "Ni? Ina jin shi ya ɗauka."

Na ce to don me, Kawu, don me duk wannan?

"Ji nake yi," ya ce. "Kai ma ji kake yi. Da ji za a ƙona mutum, ko a rufe shi 'ya'yansa su kwana da yunwa? In alƙali ya ce shi ne, ni zan raka shi har ƙofar gidan yari."

Daga nan ya nemi ruwa, ya sha, ya juya ya yi barci. Ba mu sake maganar ba. Da ya ce mini ya tabbata mutumin bai ɗauka ba, da na huta, don tsaya wa wanda aka zalunta abu ne da kowa ya gane. Amma ka ba da mutuncinka a unguwar da aka haife ka saboda wanda kai kanka kake zargi, wannan ban san sunansa ba.

Da na kawo maganar lauya a gaban dangi, Yaya bai bari na ƙarasa ba. Ya ce gidan nan yanzu na magada ne, kuma duk wanda ya kai takardarsa kotu sai dai ya bi ta kansa. Ban ga laifinsa ba. Mahaifiyata ta ce in rufa mata asiri, aikin nan nawa shi ne abincin gida biyu. Matata kuwa ta ajiye mini abinci da ƙarfi.

Inna ce ta aika a kira ni. Tana cikin takaba, tana zaune a ƙuryar ɗaki da carbi. Na shiga da shirin jin faɗa, don ita ce ta fi kowa shan wahalar wannan hali na mijinta. Sai ta ce mini tun ranar rasuwar, kullum da safe mai ruwa yana cika mata duro ya tafi, ba ya tsayawa a biya shi. Ta ce ita ba ta san ko godiya ce ko neman a tausaya masa ba, kuma ta gaji da tunani.

"Ban ce ka je ba, ban ce kada ka je ba," ta ce. "Duk zamanmu ina faɗa da shi a kan wannan abu. Yanzu ya tafi, na duba na ga ban ma san ko ni ce mai gaskiya ba."

Na fito daga ɗakin na fi yadda na shiga rikicewa.

Ranar zaman na tafi kotu da niyya ɗaya: in shaida wa alƙali rasuwar, tunda ya kamata wani daga gidan ya yi hakan, in dawo makaranta. Haka na faɗa wa matata, haka kuma na faɗa wa kaina. A harabar kotun na tarar da mai ruwa ya riga ni zuwa, babu wanda ya ɗauko shi. Yana riƙe da baƙar leda, na hango bargo da 'yar riga da buta a ciki. Na tambaye shi na mene ne. Ya ce da Hausarsa ta wanda ya koya da girma, "Na komawa ne, Malam. Matana yana waje da yara, na ce su gan ni kafin a tafi da ni." Kurar ma ya ba wani ajiya.

Aka kira ƙarar. Lauya ta yi bayani, na tashi na tabbatar, na zauna. Alƙalin ya ce ya san dattijon, Allah ya jiƙansa. Sannan ya juya ga mai ruwa ya tambaye shi ko yana da wani da zai tsaya masa. Mai ruwa bai waiwayo ya dube ni ba. Da ya dube ni da na ji haushi, da na ce an shirya mini ne. Ƙasa kawai yake kallo, ya ce babu. Alƙali ya jawo takarda ya fara rubutu, ɗan sandan da ke gefe ya matso.

Ba zan ce na tuna wata magana ta Kawu ba, ba kuma zan ce zuciyata ta natsu ba. Na dai ji muryata tana cewa ranka ya daɗe, ga ni. Aka tambayi aikina da inda nake zaune, na faɗa. Na sa hannu. A waje mai ruwa ya durƙusa zai yi godiya, na ce ya tashi, don haushinsa nake ji, da haushin Kawu, da nawa.

Kafin in iso gida labari ya riga ni. Da la'asar na shiga masallaci an ɗauke wuta, fankoki a tsaye, kowa yana gumi. Na shiga sahu, sai mutumin da ke damana, wanda tare muka yi makarantar allo, ya ɗan ja jikinsa. Liman ya ce a daidaita sahu a toshe kafa. Kafar nan ba ta toshe ba har aka sallame. A cikin wannan sallar na yi wa Kawu addu'ar da ban iya yi masa ranar jana'iza ba, na kuma yi kukan da ban yi ba.

Allah ya jiƙan Kawu, ya haskaka kabarinsa, ya yafe masa abin da ya tauye na iyalinsa, ya ba Inna da Yaya haƙuri. Ranar da kowa zai tsaya a gaban Alƙalin da ba ya zalunci, Allah ya sa ya samu mai tsaya masa. Mu kuma Allah ya kyautata namu ƙarshen.

An ɗage shari'ar zuwa bayan bikin Salla. In mai ruwa ya gudu, ni za a nema, kuma ban san da wane ido zan dubi mahaifiyata ba. Yanzu kullum na idar da asuba sai in zauna a zaure ina kasa kunne. Yau da safe na ji ƙarar kurarsa ta wuce ƙofar gidana, jarkoki suna karo da juna, sai na tsinci kaina ina hamdala, ni da har yanzu nake jin shi ya ɗauki batirin.